Ciwon 'Ya'yan Matiyu

Salome Matiyu malamar firamare ce a Mubi, ta fi shekara goma sha biyar tana riƙe da 'yan aji huɗu. Su huɗu ne a wurin iyayensu: yayansu Elkana, manomi kuma dattijon ikkilisiya a Digil, sai ita, sai Margret da ke aure a Maiha, sai autansu Japhet.

Da Japhet abin ya fara. Shekararsa talatin da shida, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kwaso masara da gyaɗa daga Digil zuwa kasuwar Mubi. Ya kusa shekara yana ganin jini in ya zaga, yana cewa basir ne. Ya sha na kemis, ya sha jiƙe-jiƙe, yana ta ramewa har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Wata ranar kasuwa a cikin Fabrairu yana sauke buhu sai ya yanke jiki ya faɗi. Daga Mubi aka tura su wani babban asibiti a Yola, a can aka ce ciwon daji ne a babban hanji. Aka yi masa aiki, aka yanke inda ya lalace, aka fito masa da bakin hanjin ta gefen ciki, aka manna leda a wurin. Salome ce ta ɗauki hutu ta yi jinyarsa.

Likitar da ke duba shi, Dakta Winifred, ta kira Salome ofis a kwana na biyar.

"Malama, shekarun ƙaninki sun yi kaɗan da wannan ciwon. Akwai wanda ya taɓa yin irinsa a gidanku?"

"Babu."

"Babanku fa? Yana raye?"

"Ya rasu tun ina kwaleji. Basir ne ya kashe shi."

"Yana da shekara nawa?"

"Hamsin da biyu."

Likitar ta rubuta. Ta ci gaba da tambaya, har Salome ta tuna da Goggo Eva, ƙanwar babansu, wadda ta yi ta zubar da jini daga mahaifa ta mutu ba ta kai hamsin ba. Dakta Winifred ta ce akwai binciken da suke yi a kan iyalai irin wannan, in Japhet ya yarda za a ɗebi jininsa a tura Legas. Ya yarda.

Bayan sati shida aka kira su. Likitar ta zaunar da su biyun, ta yi bayani a hankali.

"Jikin mutum kullum cikin sabunta kansa yake, musamman fatar cikin hanji. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun da ke cikinta. Wurin kwafan ana kuskure, amma akwai abin da ke bi yana gyarawa, kamar yadda kike bin littattafan yara da jan biro. Kowa yana gadon mai gyaran nan guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Japhet an haife shi da guda ɗaya a lalace. Da alama daga babanku ne."

"To ai yana da ɗayan," in ji Salome.

"Yana da shi. Amma in ɗayan ya gaza a wani ɗan wuri a cikin hanji, shi ke nan babu mai gyara a wurin, kurakurai sai su yi ta taruwa. Mutane da yawa suna samun ɗan tsiro a hanji, kuma a wurinsu yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya zama daji. A wurin mai wannan gadon, shekara biyu ko uku ta isa."

Japhet ya dubi ledar da ta ɗaga rigarsa.

"Duk ɗan da babanku ya haifa, rabi da rabi ne, ko yana da shi ko ba shi da shi. Gwajin jini zai nuna. Wanda aka samu yana da shi, sai mu riƙa leƙa hanjinsa da kamara duk shekara ko shekara biyu. In mun ga tsiro tun yana ƙarami, a nan take za mu tsinke shi, ba yanka, ba leda. Ki kawo min sauran 'yan'uwanki, Malama. Kada ku ja lokaci."

Salome ta dawo Mubi da wani irin sauƙi a ranta. Abin da ya ci babansu da goggonsu yana da suna, kuma akwai yadda ake tare shi. A ganinta faɗa wa 'yan'uwanta kawai ya rage.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta shiga keke zuwa Digil. Ta tarar da Elkana a gindin mangwaro da rigar zuwa coci, matarsa Miriyamu tana tsince wake a gefe. Ta gaishe su, ta sha ruwa, ta fito da takardar ta yi masa bayani tiryan-tiryan yadda likita ta yi. Ya saurara har ta gama.

"Kin gama?"

"Na gama, Yaya."

"Wa kika gaya wa wannan magana?"

"Ba kowa. Kai ne na farko."

"To ya tsaya a nan."

Salome ta yi tsammanin bai gane ba ne, ta sake ɗauko bayanin daga farko. Ya ɗaga hannu.

"Na ji ki. Ba kurma ba ne ni. Kina so a ce gidan Matiyu gidan ciwo ne. 'Yata Rachael za ta yi aure a Disamba, mutanen Michika sun riga sun kawo kaya. Kin san halin uwar yaron nan. Ta ji cewa muna da ciwo a jini, me kike gani za ta yi? Sauran yaranmu fa, wa zai aure su?"

"Yaya, ba maganar aure nake ba, maganar rai nake."

"Rai a hannun Ubangiji yake. Shekarata hamsin, ban taɓa kwana a asibiti ba. Su je su yi bincikensu da jinin wasu."

"Baba ma bai taɓa kwana a asibiti ba."

Ya miƙe ya shige ɗaki. Miriyamu ba ta ɗago kai daga waken ba.

Margret kuwa da Salome ta kira ta a waya, cewa ta yi ta ji, amma sai ta tambayi maigida. Bayan kwana uku ta ce maigida ya ce a bari a gama shuka.

Salome ta koma Yola ita kaɗai ta ba da jini. Sakamako ya fito a watan Yuni: tana da shi. Ta wuni tana shan ruwan wankin ciki mai gishiri-gishiri tana zirga-zirga zuwa ban ɗaki, washegari aka sa mata kamarar. Da ta farka daga allurar barcin da aka yi mata, Dakta Winifred ta nuna mata hoto: tsiro biyu, ɗaya kamar ƙwayar wake, ɗaya bai kai haka ba. An cire su duka.

"Wannan babban, da an bar shi shekara biyu, da wata magana muke yi," in ji likitar.

Salome ta sa hoton a jaka ta kai wa Elkana. Ta tabbata wannan karon ba shi da ta cewa. Ga ta a tsaye da ƙafafunta, ba a yanka ta ba, har ta koma aiki.

"Ki mayar da wannan ƙazanta cikin jaka," ya ce. "Mace da girmanki kina yawo da hoton hanjinki."

"Ka duba dai, Yaya. Minti ɗaya."

"Na ce ki mayar."

Ta bi ta wajen fastonsu, mutum mai sauƙin kai, ta roƙe shi ya yi wa yayanta magana. Fasto ya yi. Da yammacin ranar Elkana ya kira ta, ya ce tunda ta fara kai sirrin gida waje, kada ta sake taka masa gida da wannan maganar. Ya kashe waya. Wata biyu ba su yi magana ba. Salome ta riƙa shiga aji tana daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har shugabar makaranta ta tambaye ta ko lafiya.

A watan Satumba, ana cikin hutun tara, aka ce tana da baƙuwa a bakin ƙofa. Miriyamu ce, da kwandon kasuwa a hannu. Ta ja Salome bayan aji.

"Anti, in ya ji na zo, gidan ba zai zaunu ba. Amma ni na gaji da ɓoyewa. Yayanki yana zubar da jini."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti da ya wuce. Ni nake wanke kayan, ina gani. Akwai wani mutum a hanyar Mugulbu da yake ba shi saiwa yana dafawa. Tuwo ma yanzu rabi yake ci."

Salome ta ƙirga watannin a yatsunta. Tara. Wato ranar da ta zauna a gindin mangwaro tana yi masa bayani, ya riga ya yi wata huɗu yana ganin jinin.

Ba ta jira an tashi ba. Ta bar ajin a hannun maƙwabciyarta ta tafi Digil da takalmin makaranta. Ta same shi a gonarsa ta bakin rafi yana tuge gyaɗa. Daga nesa ta ga yadda yake tsayawa bayan kowane tsugunno yana dafe ƙugu.

"Yaya!"

Ya juyo. Kallon fuskarta kawai ya yi ya gane.

"Miriyamu ce ko?"

"Ka bar Miriyamu. Wata tara! Kana kallona ina ta surutu kamar mahaukaciya, ina zuwa wurin fasto, ina kawo hoto, ashe ka san abin yana jikinka!"

"Basir ne."

"Ba basir ba ne, kuma ka sani!"

Ya jefar da gyaɗar da ke hannunsa, ya zauna a kan kunya. Ya daɗe yana goge ƙasa daga yatsunsa.

"Ke kina kwaleji a Hong lokacin Baba," ya ce. "Kin zo ranar jana'iza, kin tarar an wanke shi an sa masa farin kaya. Ni na yi wata huɗu ina juya shi, ina kwashe abin da ke fita. Mutumin da yake ɗaga buhu da hannu ɗaya. Yanzu ga Japhet. Kin ga yadda yake zama a bencin baya a coci, kusa da ƙofa, don kada a ji wari? Ni nake tsayawa a gaba ina karanta sanarwa. Gara in tafi da cikina a rufe."

"Japhet ya makara ne, shi ya sa aka sa masa leda. Kai ma kullum ka ƙara kwana ɗaya, kana matsawa kusa da abin da kake tsoro. Likita ta ce namu ba ya jira, sauri yake yi. Me ya sa ba ka ji ne?"

"Bayan biki."

"Biki saura wata uku!"

"Na ce bayan biki. In kai 'yata gidan mijinta da mutuncina, sannan ku yi yadda kuke so da ni."

Salome ta tsaya a tsakiyar gonar, laka ta cika mata takalmi, ta rasa kalma ko ɗaya da ba ta riga ta faɗa ba. Ta tsinci kanta tana kuka irin na haushi, wanda ba ya rage komai. Elkana ya tashi ya koma kan gyaɗarsa.

Bayan sati guda Rachael ta zo gidan Salome. 'Yar Elkana ce ta fari, shekara ashirin da shida, tana aiki a wani shagon ɗinki a Mubi. Uwarta ta gaya mata komai.

"Anti, ki kai ni a gwada ni."

"Babanki ya sani?"

"Jinina ne ko nasa?"

"Derrick fa?" Derrick shi ne saurayin da za ta aura.

"Na gaya masa jiya. Ya ce zai raka mu."

Su uku suka je. Da yake an riga an san abin da ake nema, sakamakon bai daɗe ba. Rachael tana da shi. Aka leƙa hanjinta, ba a ga komai ba, aka ce ta dawo baɗi. A hanyar dawowa, sun wuce Song sun kusa Gombi, ta ce, "Wato ba sai an gwada Baba ba ke nan. In ina da shi, daga wurinsa na samu."

Abin da ta faɗa wa babanta ke nan a gabansu duka, a tsakar gida. Elkana ya dubi Derrick.

"Kai ma ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Mamanka fa?"

"Na gaya mata. Ta yi faɗa kwana biyu, ta ce in sake tunani. Na ce mata na gama tunani."

"Baba," in ji Rachael, "ka ce saboda aurena kake jira. To ni ba zan sa farin kaya ba sai ka je Yola. In ka so a ɗaga bikin shekara biyu, a ɗaga."

Ya yi faɗa, ya ce an haɗa masa kai da 'yar da ya haifa. Ya ƙara sati uku yana cewa sai an shigar da dawa rumbu. A farkon Nuwamba ya yarda. Salome ta raka shi. Ya sha ruwan wankin ciki, ya wahala, da safe aka ce musu na'urar ta samu matsala, sai an kawo wani ƙarfe daga Legas, su dawo bayan sati biyu. Salome ta tsaya a barandar asibitin tana jin kamar ta kwala ihu. Wata bakwai ta yi kafin ta kawo mutumin nan bakin wannan ƙofar.

"Kin gani ko?" ya ce. "Allah ma bai so ba."

"Wallahi in ka sake faɗin haka, zan zauna a nan ƙasa in tara maka mutane."

Ya dube ta, ya ga da gaske take.

Bayan sati biyu suka koma. Wannan karon an yi. Dakta Winifred ta sa aka ƙara ɗaukar hoton ciki, sannan ta kira su. Ciwon ya kusa toshe hanjin, kuma ya tsallaka hanta a wuri uku. Ta ce za a yi aiki don kada hanjin ya toshe, za a ba shi magani ta jijiya don a rage wa abin gudu, amma ba za ta yi musu alkawarin warkewa ba.

Da Elkana ya fita, Salome ta tsaya.

"Dakta, da ya zo a watan Afrilu fa?"

"Ba zan iya rantsewa ba, Malama. Mai yiwuwa a lokacin bai kai hanta ba. Mai yiwuwa kuma ya kai."

"Mai yiwuwa," Salome ta maimaita. Ta ɗauki jakarta.

A mota ta yi niyyar ba za ta ce komai ba, kuma ba ta ce ba. Duk kalmomin suna nan a maƙogwaronta, amma mutumin da ke kusa da ita ya jingina kai da gilashi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi ne ya fara magana, sun kusa Hong.

"Kina jin haushina."

"Ina ji."

"To, kina da gaskiya." Ya gyara zama. "A bar aikin sai bayan biki. Sati uku ne."

Ta juya ta kalli hanya.

An yi bikin a Disamba. Elkana ya kai 'yarsa gaban coci da ƙafarsa, cikin babbar riga da ta ɓoye ramarsa. A Janairu aka yi masa aiki, aka sa masa ledar. Japhet ne ya koya masa yadda ake canja ta, da irin abincin da ba ya sa ta cika da iska, su biyun suna rufe ƙofa suna yi, wani lokaci har a ji suna dariya. Ya sha maganin jijiya sau biyar, jikinsa ya ƙi ɗauka. Ya rasu a watan Agusta, a gidansa, ana ruwan sama.

Bayan an gama zaman makoki, Salome ta miƙe a taron dangi ta faɗi sunan ciwon da yadda ake gadonsa, a gaban 'ya'yan Goggo Eva da na baffanninsu da suka zo daga Michika. Ba wanda ya hana ta. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce gaskiya ne, za a je. Mutum ɗaya ne ya je.

A ƙarshen Satumba ta kira Margret, karo na nawa ba ta sani ba.

"Yaya Salome, na ji, wallahi na ji. Maigida ya ce a bari damina ta wuce, hanya ba kyau."

Salome ta kashe wayar ba sallama. Ranar Asabar da safe ta haɗa kaya kala uku a jaka, ta shiga motar Maiha. Ta tarar da Margret tana shanya kuɓewa a tsakar gida, mijin yana gyara taya a ƙofa. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta wuce ciki, ta dire jakar a bakin ɗaki.

"Lafiya, Yaya? Ba ki ce za ki zo ba."

"Na ɗauki hutu. A ina zan kwana?"

"Kwana nawa za ki yi?"

"Sai ranar da za mu tafi Yola tare," in ji Salome. Ta jawo kujera ta zauna, ta fara cire takalmi.